Ƙararrawar da Yaron Bai Ji Ba

A Gangare aka haife ni, cikin garin Jos. Haƙar kuza ce ta kawo kakana tun zamanin Turawa, amma mahaifina bai gaji diga da shebur ba, gyaran keke ya koya, da shi ya riƙe mu har Allah Ya karɓi abinSa. Rumfarsa 'yar ƙarama ce: famfo, kwanon ruwan da ake tsoma tif a gano inda ya huje, gwangwanin giris, da tarin sifana a wani tsohon akwatin ƙarfe. Tun ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi ba nake hawa, ta ƙarƙashin sanda nake zura ta.

Baba mutum ne mai tsanani a kan titi. Yakan ba mu labarin watan Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, da yadda masu keke suka yi ta rikicewa a shataletale. Ya ce a zamaninsu keke har lasin yake da shi, kuma wanda ya fito da dare ba fitila sai ya yi bayani a gaban ɗan sanda. Abu biyu ya dasa mana tun muna ƙanana. In kana kan keke, ka bi hannun da motoci suke bi, wato dama. In kana ƙasa kuma babu wurin da aka ware maka, ka koma hagu ka fuskanci motar da ke tahowa. "Abin da idonka ya gani, ƙafarka za ta kauce masa," haka yake cewa. Bai taɓa sakin keken da ba shi da birki ba, ko da mai shi faci kawai ya kawo.

Da na gama sakandare karatu bai ci gaba ba, sai na kama kai burodi. Baba da kansa ya haɗa mani keken, wani tsohon Raleigh baƙi, ya ƙara masa ƙarfe a kariya, kafinta ya buga mani akwatin katako. Kafin assalatu ina gidan burodi, in yi salla, in bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya: Nasarawa, titin Bauchi, tasha, har Farin Gada inda masu lodin tumatir da kabeji suke wayar gari a tsaye. Da keken nan na yi aure, da shi na kama haya, da shi aka yanka ragon sunan 'ya'yana.

A gaban idona titin garin nan ya canza. A watan Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone, waɗanda suka rasa rumfuna suka baza kayansu a bakin hanya. Ba na ganin laifinsu, ina za su nufa da iyali a wuya? Sai dai gefen da aka yi domin masu tafiya a ƙasa ya koma teburan gwanjo da baron lemo, mai tafiya kuma ya gangaro kan kwalta. A 2012 aka hana acaba a Jos da Bukuru, Keke Napep ya cika gari, shi kuwa duk inda aka ɗaga masa hannu nan yake cin birki, daidai layin da mai keke yake bi. Ɗan sirit ɗin wurin da ke tsakanin mota da lambatu, mu uku muka koma muna rabawa: mai keke, mai ƙafa, da mai sauke fasinja.

Abin ya faru ne a cikin hunturu, 'yan shekaru bayan hana acaba. Wanda bai taɓa kwana a Jos cikin Janairu ba, ba zai gane sanyin ba. Da asuba kowa ya ja hula ya toshe kunnuwa, wasu har da naɗa rawani, hazo kuma ya sauko. Ina tafe a hannuna kan titin Bauchi, akwati cike, fitila a kunne. A gabana an ajiye wata babbar mota, rabinta a ƙasa rabinta a kwalta. Na waiwaya, na ɗan buɗe zan wuce ta, sai wani yaro ya ɓullo ta gabanta, ya juya mani baya, ya miƙe a kan hanyar da nake bi. Na kaɗa ƙararrawa. Na sake kaɗawa. Na ɗaga murya. Jar hular sanyi ce a kansa, ya ja ta har wuya, ko waiwaye bai yi ba. Keken da ya ɗauki kaya ba ya tsayawa nan take. Na matse birki, tayar baya ta ja ƙasa, na ga in ban kauce ba a gadon bayansa zan sauka. Na karkata hagu.

Ban ji ƙarar bugun ba. Da na buɗe ido, burodi ne warwatse har tsakiyar titi, ƙafata ta hagu ta lanƙwashe a inda babu gaɓa, ƙashi ya huda wando ya fito. Zafin bai zo da wuri ba, sanyin kwalta na fara ji a kumatuna.

Direban motar da ta buge ni ya tsaya, kuma tsayawar nan ta kusa zama ajalinsa. Jama'a suka yi kansa da duka, wasu suka zaro waya suna ɗaukar hotona, ni kuwa jini yana ta zuba. Wata tsohuwa mai ƙosai ce ta bar kaskonta a wuta ta zo ta durƙusa a kaina, ta cire mayafinta ta danne raunin. "Ɗan nan, kada ka motsa, yi ta salati," ta ce. Sannan ta ɗaga kai ta daka musu tsawa: "Ku bar dukan mutum, ga wanda yake mutuwa nan!" Har gobe in na ji ana tsine wa direban da ya buge mutum ya gudu, nakan tuna fuskar wannan da ya tsaya. Muddin muna dukan wanda ya tsaya, mu muke koya wa na gaba gudu.

Da niyyar alheri suka ɗauke ni, wani ya kama hannuwa, wani ya kama ƙafafu, aka cusa ni a Keke Napep, karyayyiyar ƙafar tana reto a waje. A nan na san mene ne zafi. Daga baya likita ya ce mani ɗaukar nan ta ƙara yaga nama, da an tallafe ƙafar da wani abu mai tauri an ɗaure kafin a ɗaga ni, da aikin bai kai haka ba. Katakon akwatin burodina yana nan zube a wurin, shi kaɗai ya isa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tun 1988 take, tana da lambar gaggawa 122 da ake kira kyauta, amma a cikin taron nan babu wanda ya ambace ta.

A asibiti aka tsayar da jinin, aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar wanda yake cikin halin gaggawa, kuma an karɓe ni. Amma ƙarfe da jini da magani da kwanciya, duk a wuyanka suke. Kafin la'asar dangi sun cika baranda, kuma sun rabu biyu.

Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne babba tun rasuwar Baba. Ya tsaya a kaina ya ce, "Waɗannan ba abin da suka sani sai yanka. Mu kai ka wurin mai ɗori, kafin azumi ka taka da ƙafarka." Ba mugunta ba ce, ya ga waɗanda aka ɗora suka warke, ya kuma san aljihunmu. Mai ɗakina, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a gabansa ba, ta durƙusa ta ce, "Kawu, a yi mani haƙuri. In kuɗi ne, ina da keken ɗinki." Kowa ya yi shiru, aka zuba mani ido.

Likitan ya riga ya yi mani bayani. Karayar da ƙashi ya huda fata daban take da wadda fata take rufe. Ƙasa da dattin titi sun shiga har cikin ƙashi, sai an wanke a ɗakin tiyata an bi da magani. In aka ɗaure ta tamau da karare a haka, jini ba zai zagaya ba, ciwon ya ruɓe daga ciki. Ban taɓa yi wa Kawu musu ba a rayuwata, harshena ya yi nauyi, amma na ce, "Kawu, ka yafe mani, a nan zan zauna." Ya kaɗa rigarsa ya fita. Ya daɗe bai leƙo ni ba, kuma rashin zuwansa ya yi mani ciwo ƙwarai.

Keken ɗinkin ya tafi, 'yan kunnen aurenta suka bi baya. Masu shayin da nake kai wa burodi suka yi karo-karo, ɗayansu ya kawo kuɗin ƙunshe a ledar sukari. Direban ma ya zo da manyansa, fuska a kumbure. Ɗan kabu-kabu ne, motar ba tasa ba ce, sauri yake ya kama layi a tasha. Ya ce ya hango fitilata, ya ɗauka zan miƙe. Ya kawo abin da ya sawwaƙa, na yafe masa a gaban 'yan sanda, ban kuma yi nadamar yafewar ba.

Ɗakin da aka kwantar da ni na masu karaya ne, kuma akasarinmu titi ne ya kawo mu. Na kusa da ni dattijo ne da mota ta buge yana tsallakawa zuwa masallaci, aka fara kai shi ɗori, aka kawo shi asibiti bayan ƙafar ta yi baƙi. Ranar da aka dawo da shi daga tiyata, na ga yadda zanen gadon ya kwanta a inda ƙafa ya kamata ta kasance. Ban yi barci ba daren nan. Ba ina zagin masu ɗori ba ne, akwai targaɗe da ƙaramar karaya da suka iya, amma raunin da ya buɗe ba nasu ba ne.

Duk wanda ya zo dubiya, magana ɗaya ce: "Sannu, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Allah Ya sa kaffara ne." Nakan amsa da amin, kuma har zuciyata na yi imani da ƙaddara. Abin da yake damuna shi ne yadda maganar take rufe bakin kowa. Da an faɗe ta, babu mai tambayar wanda ya ajiye babbar mota a kan kwalta ya tafi barci, ko dalilin da zai sa a yi irin wannan gudu cikin hazo a tsakiyar gari. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, mai tafiyar 80 kuwa sama da mita 22. Kafin ƙafar direba ta tashi daga totur ta sauka a birki, an gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga gudun 50 zuwa 65 kawai, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da aka buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi. A rahotonta na 2023 ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a titi duk shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur. Mu ke nan, waɗanda ba mu da ƙarfe a kewaye da jikinmu.

Zaman gida ya fi na asibiti wuya. A asibiti kowa mara lafiya ne, a gida kai kaɗai ne a kwance. Da asuba idona yakan buɗe da kansa a lokacin fita, in ji ƙararrawar wani mai burodi ta wuce ta bayan ɗaki. Masu shayina dole suka koma wa wani, ban ga laifinsu ba. Mai ɗakina ta fara soya awara a ƙofar gida, babban ɗana yana taya ta bayan makaranta. Namijin da ya saba fita nema, a ce yau shi ake miƙa wa kuɗin sabulu, wanda bai ɗanɗana ba ba zai sani ba. Na daina son a ɗaga labule. Ko hon na ji daga nesa sai gabana ya faɗi, zufa ta keto mani cikin sanyi.

Duk wannan ɗacin kuwa a kan yaron nan na juye shi. Ban ga fuskarsa ba, babu wanda ya san inda ya shiga, wataƙila har yau bai san an kauce masa ba. Jar hular nan kawai nake gani in na rufe ido. Nakan ce a raina, na kiyaye duk abin da Baba ya koya mani, birkina lafiya, fitilata a kunne, ina hannuna, amma ga ni a kwance shi yana yawonsa. Direban da ya karya ni na yafe masa cikin sauƙi, yaron da na tsirar na kasa.

Fitata ta farko da sanduna, Terminus na je sayen takalmin da zai shiga kumburarriyar ƙafa. A titin Ahmadu Bello na nemi inda zan dafa sanda a gefe na rasa, ko'ina kaya ne. Tsallakawa ɗaya hannun kuwa ya fi ƙarfina. Haka na gangaro kan kwalta, motoci a bayana, Keke Napep yana gogar gwiwar hannuna. Ni da aka koya wa ƙa'ida tun ina yaro, titin bai bar mani hanyar bin ta ba. Na tsaya jikin wata rumfa ina haki, sai yaron ya faɗo mani a rai. Ɗan shekara goma ne ko ƙasa da haka, an tashe shi cikin wannan sanyi ya fita nema. Wa ya taɓa kama hannunsa ya ce masa ga hagu ga dama? Ni na yi sa'ar uba mai gyaran keke. Tun daga ranar abin da yake ƙirjina ya fara sauka, ko da yake bai sauka lokaci ɗaya ba.

Ban ce masu ƙafa da masu keke ba su da nasu ba, suna da shi, kullum ina gani. Amma an gina titunanmu ne da mai mota kaɗai a rai. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, wanda yake kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, bas ta ture shi cikin rami a Abuja yana kan kekensa zuwa aiki. In minista bai samu wurin bi ba, ina ga mai burodi?

Ƙafar ta warke amma ta ɗan gajarta, ina ɗingishi, kuma ba ta iya tura keke mai kaya a hawan garin nan. Na share tsohuwar rumfar Baba na buɗe akwatin sifanarsa. Kawu ne ya saya mani sabon famfo, ya aiko da shi ba tare da ya ce komai ba, ni ma ban tayar da maganar ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aiki ya ƙaru. Malaman makaranta, masu gadi, ƙananan ma'aikata, kowa yana zaro tsohon keke daga bayan ɗaki. Ina murna da cinikin, ina kuma jin tsoro, domin da yawansu sun iya taka feda amma ba su san titi ba. Ina ganin matashi yana bin hannun da ba nasa ba don ya rage zagaye, waya a kunne. Ina ganin yara suna kama bayan tifa ta ja su a hawa. Mafi yawan kekunan da ake kawo mani ba su da robar birki, da silifa ake taka taya, a garin da babbar mota ma birki yake ƙwace mata a gangaren Polo zuwa Gada Biyu. Wani zai ce, "Malam, faci kawai na kawo, birki ai ƙafata ce." In nuna masa tawa ƙafar, in ce ko a sa roba ko ya kai wani wuri. Wasu sun tafi ba su dawo ba. Kowane keke kuma sai na manna masa abu mai ƙyalli a madigadin baya kafin ya fita, ba na karɓar kuɗin wannan.

Na roƙi malamin makarantar allon unguwarmu, ya ba ni dama ranar Alhamis nakan fita da yaran bakin titi. A tsaye muke yi, ba a zaune ba. Ka tsaya, ka dubi hagu domin ta nan motar kusa da kai take fitowa, ka dubi dama, ka sake duban hagu. Kada ka ɓullo ta gaban motar da take tsaye. In dare ne, ka sani kai kana ganin fitilar direba, shi ba lalle ya gan ka ba. In kuma hunturu ne, ka ɗage hula daga kunnenka kafin ka sa ƙafa a kwalta. Wannan ta ƙarshen nakan maimaita har su gaji, kuma akwai ƙananan da sai na ɗage musu da hannuna.

Bara babban ɗana ya ce yana son keke ya riƙa zuwa makaranta, kuɗin Napep ya yi yawa. Uwarsa ta ce sam, ta yi kuka, ta ce wanda ta gani ya ishe ta. Ni ma na kwana biyu ina juya abin. Daga ƙarshe na haɗa masa da hannuna, na bi shi a ƙasa da ɗingishina na nuna masa hanyar cikin unguwa, inda sau ɗaya kawai zai haɗu da babban titi, kuma a nan sauka zai yi ya tura. Har yanzu in ya makara dawowa, uwarsa a ƙofar gida take tsayawa, ni kuma ba na iya riƙe sifana.

Mu 'yan unguwa, da liman da mai unguwa, mun rubuta wa ofishin da abin ya shafa takarda, muna neman a sa tudun rage gudu da zanen tsallakawa a daidai makarantar, a kuma hana manyan motoci kwana a kan kwalta. An karɓa an buga hatimi, ba mu ji komai ba tukuna. Mun yi shawarar komawa bayan Salla, wannan karon da iyayen yaran gaba ɗaya.